Hercules Segers: Yadda Bugun Takarda Ya Zama Abin da Ba Shi da Na Biyu

Me ya sa manyan gidajen tarihi biyu, Rijksmuseum na Amsterdam da Metropolitan na New York, za su shafe lokaci mai tsawo suna bincike, su bi ƙasashe suna aron kaya, domin kawai su baje waɗansu 'yan takardu da ƙyallaye waɗanda da yawansu ba su fi tafin hannu girma ba, alhali kuma buga su aka yi? Wannan tambaya ce da ke tasowa duk lokacin da aka ambaci Hercules Segers, mai zanen ƙasar Holan da ya rayu shekaru ɗari huɗu da suka wuce, wanda aka baje ayyukansa a Amsterdam daga 7 ga Oktoban 2016 zuwa 8 ga Janairun 2017, sannan a New York daga 13 ga Fabrairu zuwa 21 ga Mayun 2017. A fahimtar yawancin mutane duk abin da aka buga kwafi ne, kwafi kuwa ba ya da wata daraja ta musamman, tunda idan wannan ya yage sai a buga wani. Akwai kuma tambaya ta biyu da ke manne da ta farko: shin gaskiya ne cewa mutumin nan wani taɓaɓɓe ne da duniya ta juya wa baya har ya mutu cikin talauci da maye, kamar yadda aka daɗe ana faɗa? Amsar tambayoyin biyu tana wuri ɗaya, wato a cikin yadda yake gudanar da sana'arsa, don haka daga nan ya kamata a fara.

Mene ne zanen asid?

A Turai ta ƙarni na 17 babu kyamara, saboda haka hanyar yaɗa hoto ita ce a zana shi a kan allon katako ko na jan ƙarfe, a riƙa shafa wa allon tawada ana danna shi a kan takarda. Masu aiki da jan ƙarfe suna da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a sassaƙe ƙarfen kai tsaye da wani kurfi mai kaifi, aikin da ke buƙatar ƙarfin hannu da horo na shekaru. Ta biyu, wadda Segers ya fi bi, ita ce a bar wa asid aikin sassaƙar.

Mai zane yakan sami allon jan ƙarfe mai santsi, ya ɗumama shi, ya shafe fuskarsa da wani haɗi na kakin zuma da danƙon itace da kwalta, wanda asid ba ya iya ci. Idan ya huce sai ya ɗauki allura ya yi zanensa a kai. Allurar ba ta yanka ƙarfen, kakin kawai take karcewa ta tone abin da ke ƙasa, shi ya sa hannu ke sakewa kamar ana rubutu da alƙalami. Daga nan sai a zuba wa allon asid ko a tsoma shi a ciki, asid ɗin ya ci ƙarfen a duk inda allura ta bi, ya bar wuraren da kaki ya rufe. Gwargwadon daɗewarsa a ciki, gwargwadon zurfin layin da kuma duhunsa a kan takarda. Bayan an wanke kakin, sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman allon da tsumma da tafin hannu har ya yi fes, a ɗora masa takarda mai danshi, a tura su tare ta tsakanin ganguna biyu na injin matsi. Nauyin injin ne ke tilasta wa takardar ta shiga cikin ramukan ta zuƙo tawadar. Wannan akasin hatimin ofis ne, wanda tawadarsa ke zama a kan tudun haruffa. A nan tawadar a cikin kwari take. Kuma kamar kowane hatimi, abin da ke dama a allo hagu yake fitowa a takarda.

Amfanin wannan wahala duka shi ne yawa. Allo ɗaya yana iya ba da ɗaruruwan bugu masu kama da juna, baƙar tawada a kan farar takarda, a sayar da su da araha a Amsterdam da Antwerp da Frankfurt. Gwanin mai bugu a wancan zamani shi ne wanda bugunsa na ɗari ba ya bambanta da na farko.

Inda Segers ya saɓa wa kowa

Segers ya ɗauki wannan fasaha ta maimaici ya juya mata baya. Allunan da aka san ya zana 53 ne ko 54, gwargwadon yadda masana ke ƙirga su, kuma bugun da ya rage a duniya daga cikinsu gaba ɗaya bai wuce 180 da 'yan kai ba. Da yawa daga allunan bugu ɗaya tak ya saura daga gare su. Abin da ya fi wannan ƙaranci muhimmanci shi ne, da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna, ko da kuwa daga allo ɗaya suka fito.

Kafin ya buga, yakan fara shafe takardar da fenti: ruwan hoda, ko rawaya, ko toka-toka, ko ruwan ƙasa mai duhu. Sau da dama ma ba takarda yake amfani da ita ba, yadin lilin ne ko na auduga, wanda saƙarsa ke bayyana ta cikin hoton ta ba shi wani irin kaushi. Tawadar kuma ba lallai baƙa ba: akwai shuɗiya, akwai koriya, akwai mai haske da yake bugawa a kan duhu. Bayan bugun ya bushe yakan koma masa da buroshi ya ƙara launi, wani lokaci ya shafa masa man ƙyalli, sannan ya sa almakashi ya datse gefe, ta yadda hoton da ya fito da faɗi a wannan bugu zai fito a matse a wancan. Yakan kuma ɗauki bugun da tawadarsa ba ta bushe ba ya danna shi a kan wani ƙyalle, ya sami hoton a juye kuma a dusashe, ya gina wani sabon abu a kai.

Akwai wani allo nasa na kwarin da duwatsu suka kewaye, wanda ya fi kowanne yawan bugun da suka tsira, sama da 20. Layukan iri ɗaya ne a dukkansu: tsaunuka a dama da hagu, hanya tana gangarawa, gari can nesa a tsakiyar fili. Amma wani bugun ya yi kama da sanyin asuba, wani da tsakar rana mai ƙuna, wani da almuru, wani kuma da daren da ba wata. Wanda ya ga guda ɗaya kawai zai ce ya ga hoton wani kwari. Sai an jera su a bango ɗaya ido zai gane cewa allon a wurin Segers ƙashi ne kawai, naman da fatar a wajen bugu ake sa su. Wani marubuci na ƙarninsa ya taƙaita abin da cewa mutumin yana buga zanen fenti ne, kuma har yau ba a sami kwatancin da ya fi wannan dacewa ba.

Ƙirƙirarsa mafi shahara ita ce dabarar sukari. Maimakon ya karce kaki da allura, sai ya yi zanen da buroshi ko alƙalami kai tsaye a kan tsiraren ƙarfe, da wata tawada da aka dama da sukari. Idan ta bushe sai ya rufe allon duka da siririn kaki, ya tsoma shi a ruwan ɗumi. Sukarin da ke ƙasa yakan jiƙa ya kumbura, ya ɓamɓare kakin da ke kansa, ya bar ƙarfen a buɗe daidai inda buroshi ya bi, sai asid ya shiga ya yi aikinsa. Sakamakon shi ne layi mai kauri da laushi, mai ɗigo-ɗigo, irin wanda allura ba za ta taɓa bayarwa ba.

Da wannan dabara ya yi ɗan ƙaramin hoton nan na bishiya mai gansakuka da ke Rijksmuseum, wanda tsawonsa bai kai santimita 17 ba, kuma shi kaɗai ne irinsa a duniya. Koriyar tawada ce a kan takardar da aka shafe da launi mai haske. Ba a ganin saiwar bishiyar, ba a ganin ƙasar da ta tsaya a kai, babu tsuntsu, babu mutum. Siririn kututture ne kawai da rassa da suka sunkuyo, gansakuka na zubowa daga jikinsu kamar jiƙaƙƙen zare da aka shanya. Idan aka matso kusa sai bishiyar ta watse ta koma ɗige-ɗige da 'yan guntayen layuka marasa ma'ana. Idan aka ja da baya taku biyu sai ta sake haɗuwa. Mutane da yawa da suka gan ta sun ce ta fi kama da zanen tawada na ƙasar Sin fiye da aikin Bature na shekarun 1620.

Ko kuskure ma bai cika zubar da shi ba. Inda asid ya ɓalle ta wani rauni a jikin kaki ya ci wurin da ba a nufa ba, sau da yawa yakan bar tabon ya zama gajimare ko tsagar dutse. Akwai layukan gwajin allura da ya bari a sararin samaniyar wasu hotuna. Akwai ma wani allo da ya fara zana jirgin ruwa a kai, daga baya ya yanka shi ya zana duwatsu a kan guntun, igiyoyin jirgin kuma suna nan suna ratsa tsaunin a karkace. Jan ƙarfe yana da tsada, don haka sake amfani da allo ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne bai damu ya kankare tsohon zanen ba.

Duwatsu a ƙasar da ba ta da dutse

Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yana ƙasa da matakin teku, kuma tudu mafi tsayi a ɓangarenta na Turai bai wuce mita 322 ba. To daga ina Segers ya samo waɗannan ƙwanƙolallun duwatsu, da kwaruruka marasa ciyawa, da kututturan itatuwan da suka karye, waɗanda masu kallo na yau ke kwatantawa da doron wata? Babu wata shaida da ta nuna ya taɓa taka tsaunukan Alps ko ƙasar Italiya.

Asalinsa ya ba da rabin amsar. An haife shi a Haarlem a 1589 ko 1590, ɗan wani ɗan kasuwar yadi da ya yi ƙaura daga yankin Flanders, wanda yau yake cikin Beljiyam, a zamanin da yaƙi da Sifaniya da rikicin addini suka kori dubban mutane zuwa arewa. (Ba laifi a tuna da sana'ar uban idan ana mamakin yadda ɗan ya san kan ƙyalle haka.) Ya tashi a Amsterdam, ya yi koyon sana'a a wajen Gillis van Coninxloo, shi ma ɗan gudun hijirar Flanders ne kuma gwanin zanen dazuzzuka. Masu zanen Flanders suna da tsohuwar al'adar zana tsaunukan da aka harhaɗa a zuci, tun daga Pieter Bruegel, wanda shi ya tsallaka Alps da ƙafarsa kuma aka yaɗa zanensa ta hanyar bugu. Segers ya gaji duwatsunsa daga takardun wasu, sannan ya kwashe musu matafiya da shanu da duk wani abin da ke sa wuri ya yi daɗin zama.

A 1612 ya shiga ƙungiyar masu zane ta Haarlem, shekara ɗaya da Esaias van de Velde da Willem Buytewech, waɗanda suka shahara da zana ƙauyuka da hanyoyin Holan kamar yadda suke. Shi ma ya iya wannan: ya zana garuruwan Rhenen da Amersfoort a shimfiɗe ƙarƙashin faffaɗan sama, ya zana kangon gidan ibadar Rijnsburg tubali bayan tubali, har da bugun da ya yi da tawada mai haske a kan baƙar shimfiɗa, wanda ya sa kangon ya fito kamar farin wata ne ya haska shi. Ya zana abin da yake hangowa ta tagar gidansa, wato cocin Noorderkerk da rufin maƙwabta. Amma a wani zanen fenti da ke Rotterdam sai ya kwashi irin waɗannan gidaje na unguwarsa ya dasa su a gindin wani tsauni da babu shi a ko'ina. Wannan ya nuna cewa mutumin ya san bambancin abin da ido ya gani da abin da zuciya ta ƙaga, yana kuma haɗa su da gangan.

Labarin talauci da maye: daga ina ya fito?

Kusan duk abin tausayin da ake faɗa game da Segers daga bakin mutum ɗaya ya fito, Samuel van Hoogstraten, almajirin shahararren mai zanen Holan Rembrandt, a cikin littafinsa na koyar da zane da aka buga a 1678. A cewarsa, babu mai son aikin Segers a lokacin rayuwarsa. Ana kai bugunsa kwando-kwando wurin masu kanti suna ƙunshe man shanu da sabulu da su. Matarsa tana kukan ya ƙarar da rigunan gida da zannuwan gado wajen bugu. Ya kai wa wani dillali allo a kan kuɗi kaɗan aka ƙi saya, sai ya buga 'yan kaɗan ya daddatsa allon, yana cewa wata rana za a sayi bugu ɗaya da ninki huɗu na abin da ya nema a kan allon. A ƙarshe baƙin ciki ya tura shi ga giya, ya faɗo daga matakala ya mutu.

Labari ne mai daɗin ji, amma akwai abubuwan da ya kamata a auna shi da su. An haifi Van Hoogstraten a 1627, ke nan yaro ne ƙarami lokacin da Segers ya rasu a cikin shekarun 1630, kuma ya rubuta labarin bayan kimanin shekara arba'in. Ya kuma kawo shi ne a babin da yake yi wa matasan masu zane nasiha kan yadda sa'a ke juya wa mutum baya, wato yana neman misali ne, mai neman misali kuwa ba ya rasa ƙara gishiri.

Takardun hukuma sun nuna wani mutum dabam. A 1615 ya auri Anneke van der Brugghen, wadda ta girme shi da shekara 16. A 1619 ya sayi babban gida a bakin magudanar Lindengracht a Amsterdam a kan kimanin gilda 4,000 (kuɗin Holan na lokacin), a zamanin da gwanin ma'aikaci ke samun abin da bai fi gilda 300 ba a shekara. Zanensa ya shiga taskar sarkin Denmak da ta Frederik Hendrik, shugaban Holan na lokacin. Rembrandt da kansa, lokacin da aka ƙididdige kayansa a 1656 saboda bashi, an sami zanen fenti takwas na Segers a gidansa. Wanda ake ƙunshe sabulu da aikinsa ba ya samun irin waɗannan masu saye.

Sai dai kuma ba daidai ba ne a share labarin gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke gaggawar yi. Bashin gaskiya ne: a 1631 dole ta sa ya rabu da gidan, ya koma Utrecht yana dillancin zane, daga nan ya wuce Hague. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa, kuma ya kayar da masu zanen Holan da dama, har da Rembrandt. A ganina abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne mutum ne mai sana'a da ya yi tashe, ya ci kasuwa na wani lokaci, sannan harkoki suka dagule masa. Batun taɓin hankali kuwa masu sharhi na ƙarni na 20 ne suka karanto shi daga cikin duwatsun, ba daga wata takarda ba, kuma duk wanda ya bi matakan dabarar sukari ɗaya bayan ɗaya ya san aiki ne na mai haƙuri da natsuwa da lissafi.

Abin da baje kolin ya ƙara

Gani ya kori ji. Tunda ayyukan a warwatse suke tsakanin Amsterdam da Landan da Dresden da Berlin da Paris da wasu wurare, masana da yawa sun yi shekaru suna kwatanta su ta hotuna kawai. Rijksmuseum ne ke da kaso mafi girma, bugu 74, kuma da yawansu sun fito ne daga tarin wani lauyan Amsterdam, Michiel Hinloopen, wanda ya rasu a 1708. A Amurka kuwa, a lokacin baje kolin, bugu goma ne kacal a gidajen tarihi, ɗaya daga ciki a Metropolitan. A baje kolin Amsterdam, wanda Huigen Leeflang da Pieter Roelofs suka shirya, an tara bugu 110 da zanen fenti 18 a wuri ɗaya. Nadine Orenstein ce ta jagoranci na New York.

Kafin a buɗe ƙofa an yi binciken kimiyya a kan kayan: an duba su da madubin ƙara girma da hasken da ke ratsa fenti, an nazarci zaren takarda da na ƙyalle, an ƙirga zoben shekaru a jikin katakon da aka yi zanen fenti a kai domin a san lokacin da aka sare itacen. Daga cikin abin da aka gano akwai cewa Segers ya yi bugu a kan takardar da aka kawo daga gabashin Asiya tun kafin Rembrandt, wanda a da shi ake ba wannan fifiko. Hakan ya dace da zamanin, domin tun 1602 jiragen kamfanin Holan na kasuwancin Gabas suke sauke kaya a Amsterdam.

Sakamakon da ya fi jan hankalin 'yan jarida shi ne ƙarin zanen fenti shida da aka ce nasa ne, abin da ya ɗaga adadin daga 12 zuwa 18. A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Kimiyya tana iya tabbatar da cewa katako da fenti na zamanin mutum ne, amma ba ta iya rantsuwa cewa hannunsa ne ya riƙe buroshin; wannan hukunci ne na idon masana, ido kuwa yana saɓa wa ido. Kuma maganar ba ta ilimi kaɗai ba ce, domin zanen da ke hannun wani mai tarin kansa, ranar da babban gidan tarihi ya rataye shi da sunan Segers a ƙasa, darajarsa a kasuwa ta canza ke nan.

Shin shi ne uban zanen zamani?

Wannan laƙabi ya yaɗu musamman bayan da mai shirya fina-finan Jamus Werner Herzog ya gina wani aiki a kan hotunan Segers a baje kolin gidan tarihin Whitney na New York a 2012, yana ɗaukarsa a matsayin wanda ya riga kowa buɗe ƙofar zamani. Masu wannan ra'ayi suna da hujja: mutum ne da ya bar haɗari da tabo su shiga cikin aiki, ya fifita yanayin zuci a kan kamannin wuri, ya kuma yi abin da sai a ƙarni na 20 ya zama ruwan dare.

Masana tarihi sun fi taka-tsantsan, kuma ina ganin sun fi gaskiya. Uba sai da 'ya'ya, Segers kuwa bai bar almajiran da suka ci gaba da dabarunsa ba. Dabarar sukari ta mutu tare da shi, sai bayan fiye da shekara ɗari aka sake gano ta a Ingila, a zamanin masu zane Alexander Cozens da Paul Sandby, kuma shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, Picasso, ya koye ta ne a shekarun 1930 daga wani mai ɗab'i na Paris, ba daga Segers ba. Sannan akwai bayani na kasuwa wanda bai buƙaci a mai da shi annabin fasaha ba: a Holan ta lokacinsa akwai attajirai masu tara abubuwan ban mamaki, daga bawon kifin teku zuwa tangaran ɗin Sin, kuma bugun da ba shi da na biyu, mai launi kamar zanen fenti amma mai saurin samarwa, kaya ne da ya dace da irin waɗannan masu saye. Inda tasirinsa ya tabbata shi ne a zanen shimfiɗar ƙasa mai faɗin sama, wanda ake ganin sawunsa a ayyukan Rembrandt da Philips Koninck.

Me ya rage wa mai kallo na yau?

Takarda da launin ruwa ba sa jure haske. Shi ya sa ake baje irin waɗannan kaya a ɗaki mai duhu-duhu, na kimanin wata uku kawai, sannan a mai da su akwati su huta na tsawon lokaci. Shi ya sa kuma kowane ɓangare na baje kolin bai wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. Idan aka haɗa da kuɗin inshora, da jigila, da wahalar shawo kan gidajen tarihi da dama su saki abin da ba su da madadinsa, za a gane cewa taro irin wannan ba ya maimaituwa a kusa.

Abin da ya sauƙaƙa wa wanda ba shi da halin zuwa Amsterdam shi ne, tun 2012 Rijksmuseum ya buɗe hotunan kayansa masu inganci kyauta a intanet, Metropolitan ma ya yi haka a Fabrairun 2017, watan da ya buɗe wannan baje koli. Ɗalibin zane da ke riƙe da waya a ko'ina yana iya buɗo bishiya mai gansakuka ya faɗaɗa ta har ya ga ɗigon tawada, abin da ko wanda ya tsaya gaban gilashi bai samu ba. Amma gilashin waya yana daidaita komai: ba ya nuna cewa wannan ƙarami ne wancan babba, ba ya nuna kaurin fenti ko kaushin ƙyalle, ga shi kuma launi yana canzawa daga waya zuwa waya. Hanyar da ta fi amfani ita ce a nemo bugu uku ko huɗu na allo ɗaya a buɗe su gefe da gefe, domin a tsakaninsu aikin yake.

Allon da ya faɗa hannun Rembrandt

Ɗaya daga cikin allunan Segers ya tsira bayan mutuwarsa ya shiga hannun Rembrandt. Hoton wani labari ne daga littattafan Kirista, na saurayi Tobiya da mala'ikan da ya yi masa rakiya, wanda shi ma Segers ya aro tsarinsa daga wani bugu da Hendrick Goudt ya yi na zanen Adam Elsheimer. Mutanen biyu manya ne, sun cika gefen dama, kwari kuma ya buɗe a hagu. A wajajen 1652 Rembrandt ya kankare su daga jikin ƙarfen, ya zana a gurbinsu Maryam a kan jaki da jaririnta, Yusuf yana jan akala, a hanyarsu ta gudun hijira zuwa Masar. Ya cike wurin da itatuwa masu duhu, ya bar yawancin kwarin Segers yadda yake, ya kuma buga shi da baƙar tawada kamar sauran ayyukansa. Kankarar ba ta kai ƙasa sosai ba. Wanda ya duba saman itatuwan da ke dama da kyau zai ga layukan fukafukin mala'ikan Segers suna nan a cikin ganyen.